Kaluluwar Wuya Ba Ta Wanzami Ba Ce

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a zangunan 'yan Arewa, tun daga Agege har Sabo ta Ibadan. Da zarar kaluluwa ta fito wa mutum a wuya, sai ya nufi kemis a ba shi kafso, in ba ta faɗa ba ya tafi wurin wanzami a yi masa sakiya, in abin ya faskara kuma ya ce sai ya je gida da Sallah. Wannan ganganci ne.

Ita kaluluwa ba cuta ba ce a kan kanta. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne a jiki masu tace ƙwayoyin cuta, su kan kumbura in suna fama da wata cuta da ke kusa da su. Shi ya sa ciwon maƙogwaro, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko kunne mai mugunya, ko makero a kan yaro, duk su kan tayar da ita. Irin wannan tana da zafi in an taɓa, tana motsi a ƙarƙashin fata, kuma ta kan faɗa cikin mako biyu ko uku bayan ciwon ya warke. Hangum da maƙoƙo daban ne, ko da ya ke jama'a su kan haɗa su.

Abin tsoro shi ne wadda ba ta da zafi, domin ita a ke rainawa. Tarin fuka ba huhu kaɗai ya ke kamawa ba, ya kan sauka a wuya ko da mutum ba ya tari. Sai ƙulle-ƙullen su manne da juna, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama. In aka yi wa irin wannan sakiya, ƙofa ce aka buɗe wadda za ta yi wata da watanni tana tsiyaya. Ga shi kuwa ɗakin da mutum goma ke kwana, kamar yadda 'yan dako da masu gadi su ke yi a Ikko, shi ne inda tarin fuka ya fi saurin yaɗuwa. Ƙanjamau ma ya kan kawo kaluluwa. Wadda ta yi tauri kamar dutse kuwa, ba ta motsi, musamman ga dattijo mai shan taba, ko wadda ta fito a bisa ƙashin wuya na hagu, likita ya kan zargi sankara.

Ba a gane bambancin da ido. A shekarun 1930, ma'aikatan yaƙi da ciwon barci a Arewa su kan bi ƙauyuka suna laluben bayan wuyan mutane, amma su ma sai sun zuƙi ruwan kaluluwar da allura sun duba a madubin likita kafin su yanke hukunci. Yau ma haka ne: likita zai duba baki da kunne, ya auna jini, ya ɗauki hoton ƙirji, sa'an nan ya zuƙi ruwan ko ya yanki ɗan tsoka a gwada. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana nuna tarin fuka cikin sa'o'i kaɗan. Kafson kemis kuwa ya kan danne alamun ne, har ya rikita gwajin.

Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida a ke sha, kuma ba a tambayar jihar da mutum ya fito. Saboda haka duk kaluluwar da ta haura mako uku ba ta faɗa ba, asibitin da ke kusa ya kamata a kai ta, ba tashar motar Kano ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da limaman zanguna su riƙa faɗa wa jama'arsu haka bayan sallar Juma'a.