Injin ya buga, garanti ya tsaya a Amurka: darasin Hyundai da Kia ga masu sayen mota a Gana

Duk wanda ya zaga wuraren sayar da motoci a Accra ko Kumasi zai ga Hyundai Sonata da Santa Fe da Kia Optima da Sorento jere reras. Yawancinsu daga Amurka aka shigo da su ta tashar Tema. To amma a can inda suka fito, an shafe shekaru ana rigima tsakanin masu irin waɗannan motoci da dilolin kamfanonin biyu kan tambaya guda: idan inji ya buga, wa zai biya?

Tushen maganar wani inji ne mai suna Theta II. A watan Satumba na 2015 Hyundai ta janye Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 domin gyara. Dalilin da ta bayar shi ne ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin lokacin ƙera shi a masana'antarta ta jihar Alabama. Wannan ɓurɓushi kan toshe hanyar baƙin mai, ƙarafa su riƙa gogar juna a bushe, sai a fara jin ƙwanƙwasa, daga nan injin ya cije, wani lokacin ma har wuta ta tashi. A 2017 kamfanonin biyu suka sake janye motoci sama da miliyan ɗaya.

Wani injiniyan Hyundai, Kim Gwang-ho, shi ne ya kai ƙara ga hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, a 2016. A Nuwamban 2020 hukumar ta ɗora wa kamfanonin hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen janye motocin, kuma a 2021 ta bai wa Kim tukuicin dala miliyan 24. Shari'ar da masu motoci suka shigar a dunƙule ta ƙare da sulhu: garanti na tsawon rayuwar mota kan wannan lalacewa.

Sai dai sulhun bai kashe rigimar ba, ya dai sauya mata wuri ne zuwa garejin dila. An gindaya sharaɗin cewa a saka wa motar wata manhaja mai sauraron ƙwanƙwasar inji, kuma an bar wa kamfani damar ƙin biya idan an samu mummunan sakaci. Dila zai buɗe inji, in ya ga mai ya daskare ya zama kwalta, sai ya ce kawo rasit ɗin juye. Mai mota ya ce injin ne ke shan mai tun asali, dila ya ce kai ne ba ka kula ba. Wanda ya ajiye takardu shi ke da bakin magana. Wata dokar Amurka ta 1975 ta hana kamfani tilasta maka yin juye a wurinsa kaɗai, amma ba ta ɗauke maka wahalar nuna cewa ka yi ba.

Ina ruwanmu a nan? Ruwanmu shi ne garantin Amurka ba ya hawa jirgin ruwa. Motar da ta bar ƙasar ta fita daga ƙarƙashinsa, balle wadda kamfanin inshora ya riga ya yanke mata hukuncin ta tashi daga aiki aka sayar a gwanjon Copart ko IAA, wanda nan ne ’yan kasuwa da dama ke saro kaya. Wakilin kamfani a Accra ba dole ba ne ya karɓi motar da ba ta hannunsa ta shigo ba. Ƙarshenta, direban da ya ci bashi ya sayi mota don yin Bolt shi zai nufi Abossey Okai ko Suame Magazine neman injin gwanjo, wanda ƙila shi ma mai ciwon nan ne.

Abin yi bai da yawa, amma a yi shi kafin kuɗi ya bar hannu. Kowace mota tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, ɓangaren direba. A saka ta a shafin NHTSA, kyauta ne, zai nuna ko akwai gyaran janyewa da ba a yi ba. A tafi da bakanike ya saurari injin da sanyin safe, ya leƙa ƙarƙashin murfin mai. Idan mai sayarwa ya ce ya ba ka wata uku, ya rubuta, ya faɗi ko inji na ciki, ya sa hannu. Dokar cinikin kaya ta Gana ta 1962 tana bai wa mai saye kariya kan ingancin abin da ya saya, amma a gaban alƙali “ai ya ce mini” ba ya zuwa ko’ina. Kowane juye kuma a karɓi rasit mai kwanan wata da adadin kilomita.