Mujallar Kiɗa Babu Kalangu

Jama'ar zango, ɗalibanmu masu koyon aikin jarida a nan Kumasi sun kawo mana mujallar kiɗa da malaminsu ya sa su tsara. Takarda mai sheƙi, hotuna tsaf, amma daga bango har bango babu kalangu, babu goge, babu kuntigin Ɗan Maraya Jos. Da muka tambaya, sai suka ce hoton Mamman Shata ba ya jan ido!

Ba mu yarda ba. Sai dai mu ma da laifinmu, domin mu muka raina makaɗi, muka hana yaro zama kusa da shi. Shata ya rasu tun 1999, amma tsohon mai gogen unguwarmu yana raye. A je a yi hira da shi, a sa shi a bango.