Sabon Kiɗa, Sabuwar Rawa: Darasi Daga AC Milan Ta Arrigo Sacchi

Duk lokacin da aka naɗa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa sabon mai horarwa, magoya baya sukan ɗauka cewa wahala ta ƙare. Idan aka buga wasa uku ko huɗu ba a ga nasara ba, sai murna ta koma gunaguni, a fara kiran a sallame shi. Sau da yawa masu ƙungiyar ma sukan amsa wannan kira. Wannan gaggawa kuskure ce, domin sauya salon wasan mutum goma sha ɗaya aiki ne na watanni, kuma a farkonsa ƙungiya takan ƙara rikicewa kafin ta daidaita. Sai dai haƙurin ma yana da sharuɗɗansa, kuma ba kowane mai horarwa ne ya cancanci a yi masa shi ba. Labarin ƙungiyar AC Milan ta ƙasar Italiya, daga shekarar 1987, ya nuna amfanin haƙuri da kuma iyakarsa.

A shekarar 1986 attajirin nan Silvio Berlusconi ya sayi Milan, wadda rabonta da lashe gasar Italiya tun 1979. A kakar wasa ta 1986 zuwa 1987, wata ƙaramar ƙungiya mai suna Parma, wadda take buga gasar rukuni na biyu, ta je har filin San Siro ta doke Milan sau biyu a gasar Kofin Italiya, kowane karo da ci ɗaya da nema. Mai horar da Parma shi ne Arrigo Sacchi, mutumin da bai taɓa buga ƙwallo a matsayin sana'a ba, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin sayar da takalman masana'antar mahaifinsa. Berlusconi ya ga yadda Parma take wasa, abin ya burge shi, ya ɗauko Sacchi a 1987. Da 'yan jarida suka yi ta tambayar yadda wanda bai buga ƙwallo ba zai koyar da manyan 'yan wasa, sai ya amsa musu da cewa shi bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya iya sukuwa ba.

Don a gane nauyin abin da ya nema daga 'yan wasansa, ya kamata a san yadda ake buga ƙwallo a Italiya a wancan zamani. Yawancin ƙungiyoyi sun dogara ne da tsaron mutum da mutum. Kowane ɗan baya akan ba shi abokin hamayya ɗaya ya riƙa binsa duk inda ya nufa, sannan a ajiye wani ɗan wasa a bayansu wanda ba ya bin kowa, aikinsa shi ne share duk ƙwallon da ta kuɓuce. Ƙungiya takan ja da baya ta tare ƙofar gidanta, ta jira abokan hamayya su yi kuskure, sannan ta kai hari cikin sauri. Idan ta ci ƙwallo ɗaya, sai ta rufe ƙofa. Da wannan salo aka raini 'yan wasa, da shi kuma Italiya ta yi suna.

Sacchi ya zo da akasin haka. Ya jera 'yan baya huɗu a layi ɗaya, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu. Kowa yana tsaron yanki ne, duk wanda ya shigo yankinsa shi ne nasa. Ya bukaci kada tazarar da ke tsakanin ɗan bayan ƙarshe da ɗan gaban farko ta wuce mita 25, domin a matse fili, abokan hamayya su rasa wurin juyawa. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa Milan, maimakon a koma gida, sai a rufar wa wanda ya karɓe ta nan take. 'Yan baya kuma sukan matso gaba tare a lokaci guda, su bar 'yan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Ya koya wa kowane ɗan wasa ya riƙa lura da abubuwa huɗu kafin ya motsa: inda ƙwallo take, inda fili yake, inda abokin hamayya yake, da inda abokin wasansa yake.

A kan allo wannan tsari yana da sauƙin fahimta. A fili kuwa abin da yake yaƙa shi ne sabo, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ɗan bayan da ya shekara goma yana bin mutum ɗaya, ƙafarsa takan bi mutumin tun kafin ya yi tunani. A wasan tsaron mutum da mutum, idan ɗan wasa ɗaya ya yi sake, ɓarnar takan tsaya a wurinsa, kuma akwai mai share baya da zai gyara. A tsarin Sacchi kuwa, idan 'yan baya uku suka matso gaba, na huɗu ya makara da taki biyu, to tarkon satar gida ya warware, ɗan gaban abokan hamayya ya tafi daga shi sai mai tsaron gida. Wato sabon tsarin da aka koya rabi da rabi ya fi tsohon da aka ƙware a kansa haɗari. Wannan shi ne dalilin da ya sa makonnin farko na sabon mai horarwa sukan yi muni, ko da tsarin nasa mai kyau ne.

Maganin sabo shi ne wani sabon, saboda haka Sacchi ya dage da maimaici. A sansanin atisaye na Milanello yakan jera 'yan wasa goma sha ɗaya a fili ba ƙwallo, ba abokan hamayya. Sai ya faɗi inda ƙwallo take a zato, kowa ya matsa zuwa inda ya kamata ya tsaya, ya sake faɗin wani wurin, a sake matsawa. Ya kuma ba da labarin wata jarrabawa da yakan yi don ya gamsar da taurarinsa. Yakan ware mai tsaron gida da 'yan baya huɗu masu bin tsari, ya sa mutum goma su kai musu hari yadda suka ga dama na minti goma sha biyar. A cewarsa, goman ba su taɓa zura ƙwallo ba. Manufarsa ita ce 'yan wasa su ga hujja da idonsu, domin babban ɗan wasa ba ya barin abin da ya kai shi ga ɗaukaka don kawai an ba shi umarni.

Duk da haka farkon bai yi daɗi ba. A wasa na biyu na gasar, Fiorentina ta doke Milan da ci biyu da nema a San Siro. A watan Oktoba na 1987 ƙungiyar Espanyol ta ƙasar Sifaniya ta ci ta biyu da nema a gasar Kofin UEFA, aka tashi ba ci a karawa ta biyu, Milan ta fita daga gasar tun a zagaye na biyu. Marco van Basten, wanda aka sayo daga Ajax, ya ji rauni a idon sawu, ya rasa mafi yawan kakar. Jaridu suka fara cewa Sacchi ba zai kai Kirsimeti a bakin aiki ba. A nan ne Berlusconi ya yi abin da masu ƙungiya da yawa suke kasawa. Kamar yadda Sacchi ya sha faɗa, shugaban ya sanar da 'yan wasa ƙarara cewa mai horarwa yana nan daram, wanda ba zai bi shi ba shi ne zai tafi. Wasan da ya biyo bayan kashin Espanyol, Milan ta je Verona ta yi nasara da ci ɗaya da nema.

Daga nan rawa ta fara bin kiɗa. A watan Janairu na 1988 Milan ta lallasa Napoli ta Diego Maradona, mai riƙe da kambu, da ci huɗu da ɗaya. Ranar 1 ga Mayu ta bi ta har gida ta ci ta uku da biyu. Ta lashe gasar da maki 45, Napoli tana da 42, kuma ƙwallo 14 kacal aka zura mata a wasa 30. A 1989 ta ci Real Madrid biyar da nema a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, ta ci Steaua ta ƙasar Romaniya huɗu da nema a wasan ƙarshe. A 1990 ta sake ɗaukar kofin bayan ta doke Benfica da ci ɗaya da nema. Ba a sake samun ƙungiyar da ta ɗauki wannan kofi sau biyu a jere ba sai Real Madrid a 2017.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce ai kuɗi ne suka yi aiki, domin duk wanda aka ba Franco Baresi da Paolo Maldini da Ruud Gullit da Van Basten, sannan aka ƙara masa Frank Rijkaard a 1988, zai ci kofi. Akwai gaskiya a maganar, kuma ita ce sharaɗin farko na haƙuri: dole tsari ya sami mutanen da za su iya ɗaukarsa. Nils Liedholm, wanda ya horar da Milan daga 1984 zuwa 1987, ya riga ya fara koya wa 'yan bayanta tsaron yanki, saboda haka Sacchi ya tarar da gona an yi mata sharar farko. Ya kuma nace a sayo masa Carlo Ancelotti daga Roma duk da raunin gwiwa da yake fama da shi, domin yana bukatar ɗan tsakiya mai karanta wasa. Amma manyan ƙungiyoyin Italiya na lokacin duk suna da taurari. Abin da ya bambanta Milan shi ne taurarinta sun yarda su yi gudu domin juna.

Inda aka rasa wannan sharaɗi, haƙuri ba ya haifar da komai. A 2017 ƙungiyar Crystal Palace ta Ingila ta ɗauki Frank de Boer, ɗan ƙasar Holan, don ya koya mata wasan riƙe ƙwallo da gajerun bugu, alhali 'yan wasanta sun saba da kare gida da kai harin gaggawa a ƙarƙashin Sam Allardyce. Aka ci ta wasa huɗu na farko na gasar Ingila ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba, aka sallame shi bayan kwana 77. Roy Hodgson ya karɓa, ya maido da salo mai sauƙi, ƙungiyar ta gama a matsayi na 11. Sallamar ta yi amfani, amma kuskuren tun ranar naɗi aka yi shi. Shugabannin sun so sabon salo, ba su tanadi 'yan wasan da suka dace da shi ba, ba su kuma shirya jure asarar da ke tafe da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗi na biyu shi ne lokacin atisaye, kuma rayuwar Sacchi kansa ta tabbatar da haka. A 1991 ya karɓi ƙungiyar ƙasar Italiya, inda 'yan wasa suke haɗuwa na 'yan kwanaki kawai su watse. Tsarin da ke bukatar maimaici kullum bai zauna sosai ba. A gasar Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, Najeriya ta riƙe Italiya da ci ɗaya da nema, ƙwallon Emmanuel Amunike, har zuwa minti na 88, kafin Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara ta biyu da bugun fenareti a ƙarin lokaci. Gwanintar mutum ɗaya ce ta ceci mai wa'azin aikin gayya a ranar. Italiya ta kai wasan ƙarshe, Brazil ta doke ta a bugun fenareti, sannan a gasar ƙasashen Turai ta 1996 aka fitar da ita tun a zagayen rukuni.

Sharaɗi na uku yana wuyan mai horarwa: ya san lokacin da zai sassauta. A shekara huɗu da Sacchi ya yi a Milan, sau ɗaya ya lashe gasar Italiya. Matsin atisayensa ya gajiyar da 'yan wasa, dangantakarsa da Van Basten ta yi tsami. Fabio Capello, wanda ya gaje shi a 1991, ya riƙe ginshiƙin tsarin, ya rage yawan gudun, ya lashe gasar sau uku a jere, ta farkon ma ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Da Sacchi ya dawo Milan a ƙarshen 1996, ya tarar da waɗansu jaruman nasa sun tafi, waɗansu sun manyanta, ƙungiyar ta gama kakar a matsayi na 11.

Saboda haka, idan sabon mai horarwa ya fara da asara, sakamakon wasa kaɗai ba zai isa a yanke masa hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko kuskuren da aka yi a wannan mako shi ne aka yi a makon jiya, ko kuwa yana raguwa. A duba ko 'yan wasa suna matsawa tare, ko kowa yana ta kansa. A duba ko manyan cikinsu suna aikin da aka ba su, domin ƙanana su suke kallo. Idan waɗannan alamu suna nan, sallama asarar duk wahalar da aka sha ce, kuma wanda zai zo daga baya zai sake jefa ƙungiyar cikin irin wannan ruɗani daga farko. Idan babu su bayan watanni, tsawaita wa'adi ba zai kawo su ba.

Mafi nauyin alhaki yana kan masu ƙungiya, domin su ne suke zaɓe. Kafin su sa hannu a takarda, ya kamata su san irin wasan da mutumin zai kawo, su auna ko 'yan wasansu za su iya shi, su kuma ƙudurta yawan asarar da za su iya jurewa. A watan Oktoba na 1987, da Berlusconi ya saurari jaridu, da an rubuta sunan Sacchi cikin waɗanda suka gaza, alhali Baresi da Maldini da sauran abokansu suna dab da gane abin da ake koya musu.