Wa ake yi wa wa'azin, mu ko baƙi?

Ranar Lahadin da ta wuce, muna dawowa daga sujada, 'yata mai shekara tara tana ta rera waƙar da mawaƙan matasa suka koya musu da Faransanci. Na ce mata, "Me waƙar take cewa?" Ta yi shiru, ta ce, "Baba, ai daɗi gare ta." Kakarta kuwa awa biyu ta yi zaune a majami'a, ban da "Amin" ba ta tsinci komai ba.

Shekara ashirin ina riƙe da alli a ƙasar Kurfai. Na san yaron da ya haddace da wanda ya gane. Abin da muke kuka da shi a lakwal, yaro ya maimaita kamar aku, shi muka kwasa muka kai ɗakin Allah.

Wai ba mu da abin karantawa ne? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Masu bishara da suka sauka Damagaram a 1924, da waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sai da suka zauna suka koyi harshenmu kafin su buɗe baki. Baƙo ya wahala ya koyi Hausa, ɗan gida yana jin kunyarta! A 2025 ma hukuma ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma mai wa'azinmu bai ji labari ba.

Za a ce a Filinge taron gauraye ne, akwai ma'aikata daga Yamai, akwai 'yan Benin da Togo, akwai Zabarmawa. Gaskiya ne, kuma baƙonka sarkinka. To, a sa mai fassara, a raba waƙoƙin. Amma kada a bar tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a bangaskiya ta koma kurma a gidanta.

Za a kuma ce ƙwarya da goge kayan bori ne. Piyano da jita fa, a mashaya ba a kaɗa su? Laifin ba na fata da itace ba ne, na wanda ake yi wa kiɗan ne. Ranar da wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, mata suka tashi da tafi suka ɗauko tsohuwar waƙar Hausa, kowa ya ga yadda ɗakin ya motsa.

Iyaye, malamai, ku gwada abu ɗaya. Bayan sujada ku tambayi yaronku abin da fasto ya ce. In ya kasa amsawa, kada ku tsawata masa. Ku je ku sami dattawan ikilisiya.