Daura: Sabon tanki ko tukunyar gas ga tsohuwar a-kori-kura?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, yoyon tanki ya daina zama ƙaramar matsala ga masu tsofaffin a-kori-kura da ke jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Daura, Mai'aduwa da Kwangwalam. A da akan toshe ɓular da sabulu a ci gaba da tafiya. Yanzu kowane ɗigo kuɗi ne.

Gwamnatin Tarayya na kwaɗaitar da direbobi su koma amfani da iskar gas ta CNG. Sai dai tukunyar gas ba ta maye gurbin tanki. Ƙari ce a kansa, tana cin wurin kaya, kuma dole motar ta koma kan fetur da zarar gas ya ƙare a hanya. Bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuwa, a Kano zai tsaya.

Ke nan mai tanki mai tsatsa sai ya sauya shi, ko da ya sa tukunya. Walda ta fi araha, amma tururin fetur da ya maƙale a ciki kan iya fashewa a hannun mai gyara.