A Cike Ramukan Nan Kafin Damina

'Yan'uwa cikin Almasihu, ba mu manta da ambaliyar watan Yuli 2018 a Jibiya ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40, har ruwa ya tafi da wasu gawarwaki Jamhuriyar Nijar. Ran nan ruwa bai tambayi kowa addininsa ba.

Ga shi kuma muna zuba ido masu haƙar yashi da marmara suna barin ramuka a bayan gari. Da damina ta sauka sai su zama kududdufai, gaɓa ta zabtare, zaizaya ta ci gonaki, yara su shiga haɗarin nutsewa. Alhali Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata.

Ƙarancinmu ba hujjar yin shiru ba ne. Muna roƙon dattawan ikkilisiya su haɗa kai da limamai da masu unguwanni, a ƙidaya ramukan, a kai kuka ga ƙaramar hukuma da hukumar NESREA. Mai haƙa a cikinmu ya fara cike nasa, gama ƙasa amanar Ubangiji ce a hannunmu.