Ba Ƙiyayya Ce Ta Hana Yaranmu Shiga Jami'ar Badun Ba

Duk shekara idan sunaye suka fito, zance ɗaya ake yi a bakin masallaci da rumfunan canji na Sabo: wai Jami'ar Badun ba ta ɗaukar Bahaushe. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Kafin mu ɗora wa wani laifi, mu tambayi yaron, maki nawa ka ci?

Jarrabawar JAMB maki 400 ce. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a 2024 shi ne 140, kuma nan ne da yawanmu muke ruɗewa. Yaro ya kawo 170, uba ya yanka kaza. To, Badun ba ta ma duba takardar wanda bai kai 200 ba. Kuma 200 ɗin izinin zama jarrabawarsu ta biyu ce kawai. Makin JAMB a raba shi gida takwas, na jarrabawar tasu a raba biyu, a haɗa. Mai son likitanci sai jimillarsa ta kusa 80. Ku lissafa da kanku, ai mu 'yan kasuwa ne: wanda ya ci 300 yana da 37 da rabi ke nan, sai ya haura 80 cikin 100 a ta biyun kafin ya sa rai.

Yaron da muke tsarewa a shago tun daga tashi makaranta har isha'i, yana ƙirga kuɗin goro, yaushe zai karanta Kemistiri? Ɗan maƙwabcinmu Bayarabe yana lesin tun aji huɗu na sakandare, uwarsa mai sayar da barkono ce ke biya. Mu kuwa kuɗin lesin ya yi mana tsada, amma na ankon biki bai taɓa gagararmu ba.

Abin haushin ma, akwai rabonmu da muke bari. Tsarin gwamnatin tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Kano, Katsina, Sakkwato, Jigawa. Yawancinmu can ne asalinmu. Amma uba ba zai je gida ya karɓo wa ɗa takardar shaidar ƙaramar hukuma ba sai ana gobe rufewa. Wannan kason ma sai mai 200.

Sai kuma masu zuwa da "akwai hanya, kawo dubu kaza". Tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta kwamfutar JAMB take bi. Mun ga wanda ya sayar da babur ya ba irin waɗannan, yaron na nan gida har yau.

Fom yakan fito farkon shekara, kuma ba a cika shi sai da lambar NIN. Wanda ɗansa ke ajin ƙarshe, ya same mu bayan la'asar ranar Asabar, da sakamakon yaron a hannu.